Yadda Za a Sauƙaƙa wa Sabon Ɗalibi Shiga Vim Ba Tare da An Rage Masa Ƙarfinsa Ba

Duk wanda ya taɓa koyar da rubuta manhaja a kan Linux ya san wurin da ɗalibai suke fara cijewa. An buɗe fayil a cikin Vim, wato editan rubutu da ake sarrafawa da madannai, ɗalibi ya danna haruffa yana jiran ya ga rubutu, sai ya ga layi ya ɓace ko manuni ya yi tsalle zuwa wani wuri, ya nemi hanyar fita ya rasa, daga ƙarshe ya rufe tagar gaba ɗaya. Wannan ba matsalar mutum ɗaya ba ce. A shekarar 2017 shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke tambaya da amsa, ya sanar cewa an duba tambayar yadda ake fita daga Vim sau miliyan ɗaya, kuma a 2020 masu kula da Fedora, wani nau'in Linux, suka mayar da nano, wani edita mai sauƙi, editan da ke buɗewa da kansa a fitowarsu ta 33, don kada sabon shiga ya faɗa cikin vi, editan da Vim ya samo asali daga gare shi, ba shiri. Wannan jagorar an rubuta ta ne domin malami a cibiyar koyar da kwamfuta, ko babba a wurin aiki da aka danƙa wa sababbin ma'aikata, ko ɗalibin da ya yi gaba yana son ya jawo abokinsa. Ra'ayin da aka gina ta a kai shi ne a toshe ramukan da ke hanya, a sa kuskure ya yi arha, amma kada a taɓa tsarin yanayi, wato raba yanayin umarni da yanayin rubutu, da tsarin haɗa umarni, domin su ne dalilin da ya sa ake koyon Vim tun farko.

Yana da kyau mai koyarwa ya san asalin abubuwan da ke rikita ɗalibi, domin bayanin minti biyu yana kawar da tunanin cewa an yi su ne da gangan don wahalar da mutane. Bill Joy ya rubuta vi a 1976 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a kan wata na'ura mai suna ADM-3A. A jikin madannan wannan na'ura an zana kibiyoyi a kan haruffan h, j, k da l, kuma maɓallin Esc yana zaune ne a inda Tab yake a yau, kusa da ƙaramin yatsa. Layin sadarwar lokacin yana da nawa ƙwarai, saboda haka kowane danni yana da tsada, shi ya sa umarnin suka zama gajeru. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991 a kan wannan tushe, ya kuma ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a watan Agustan 2023.

Mataki na farko: tabbatar da wane Vim ne a kwamfutar

Kafin a koyar da komai, a duba abin da ke cikin injin. A Debian da Ubuntu, idan aka rubuta vi sau da yawa abin da ke buɗewa wani ƙaramin Vim ne da ake kira vim-tiny, wanda aka cire masa launin kod, kuma yana kwaikwayon tsohon vi, har ta kai idan ɗalibi ya danna kibiya yana cikin rubutu sai ya ga haruffan A, B, C ko D suna zubowa a kan layuka. Ɗalibi ba zai san cewa laifin na saitin ba ne, zai ɗauka shi ne bai iya ba. A rubuta wannan a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni:

vim --version | grep clipboard

Idan aka ga +clipboard, to Vim ɗin yana iya musayar kwafi da sauran manhajojin kwamfutar. Idan aka ga -clipboard, ko aka ce babu vim sam, a sauke cikakken da umarnin sudo apt install vim-gtk3. Wanda yake koyo a wayar Android ta hanyar Termux, kamar yadda ɗalibai da yawa suke yi kafin su mallaki kwamfuta, zai rubuta pkg install vim, kuma ya tabbatar jerin ƙarin maɓallan da ke saman madannan wayar yana nan, domin a nan ne Esc da Ctrl suke.

A wannan matakin ne kuma ya kamata a yanke shawara kan Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauyen kod. Idan ba a faɗa wa Git editan da zai buɗe ba, yakan koma ga editan tsarin, wanda a wurare da yawa vi ne, shi ya sa mutane da dama suka fara haɗuwa da Vim a tsakiyar wani aikin daban, hankalinsu na kan saƙon da za su rubuta. A makon farko ya fi dacewa a raba koyon biyun da git config --global core.editor nano, sai ɗalibi ya saba da Vim sannan a mayar masa.

Mataki na biyu: rubuta gajeren fayil ɗin saiti

A nan akwai wani tarko da har waɗanda suka daɗe suke faɗawa. Tun daga Vim 8.0 da ya fito a 2016, akwai wani fayil mai suna defaults.vim da ke kunna launin kod, da nuna sakamakon bincike tun ana rubuta kalmar, da gyara halin maɓallin gogewa, da wasu abubuwa masu amfani. Amma Vim yana karanta shi ne kawai idan mutum ba shi da nasa fayil ɗin .vimrc, wato fayil ɗin saitin Vim. Ma'ana, malamin da ya ƙirƙiri .vimrc don ya ƙara layi ɗaya na lambobin layuka ya kashe wa ɗalibinsa duk waɗannan ba da saninsa ba. Saboda haka dole a kira shi da hannu a saman fayil ɗin:

set encoding=utf-8
scriptencoding utf-8
unlet! skip_defaults_vim
source $VIMRUNTIME/defaults.vim

set number
set showmode showcmd
set laststatus=2
set confirm
set hidden
set mouse=a
set ignorecase smartcase hlsearch
set expandtab shiftwidth=4 softtabstop=4
set clipboard=unnamedplus

Layin da ya fi kowanne muhimmanci ga sabon shiga shi ne set confirm. Idan babu shi, ɗalibin da ya yi gyara ya rubuta :q zai gamu da jan saƙo mai lamba E37 da ke ce masa bai adana ba, ya kuma bar shi a tsaye. Idan akwai shi, Vim zai tambaye shi ko ya adana, ko ya watsar, ko ya fasa fitar, kamar yadda kowace manhajar da ya saba da ita take yi. Shi kuwa showcmd yana nuna rabin umarnin da aka fara dannawa a ƙasan allo ta dama, ta yadda wanda ya danna d da kuskure zai ga cewa Vim yana jiran ci gaba ne, ba tsayawa ya yi ba. Da mouse=a ɗalibi zai iya kai manuni inda yake so da linzamin kwamfuta, sai dai a faɗa masa cewa idan yana son zaɓen rubutu irin na taminal sai ya riƙe Shift. Layin expandtab yana mayar da Tab zuwa tazara huɗu, abin da aka saba da shi a Python, kuma babu fargaba game da Makefile, fayil ɗin da ke buƙatar ainihin Tab, domin Vim da kansa yana mayar da ainihin Tab a irin wannan fayil. Layin ƙarshe yana haɗa kwafin Vim da na sauran kwamfutar, ta yadda abin da aka kwafa da y za a iya manna shi a burauza.

A saman kowane layi a rubuta bayani da Hausa, a fara shi da alamar ", domin fayil ɗin ya zama abin karantawa. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a saka layin da malamin ba zai iya bayyana shi a jimla ɗaya ba. Fayilolin saiti masu ɗaruruwan layuka da ake kwasowa daga intanet suna sa ɗalibi ya zama baƙo a cikin editansa, ranar da wani abu ya lalace ba zai san inda zai duba ba.

Mataki na uku: sa yanayi ya fito fili

Kusan duk ruɗanin makon farko daga abu ɗaya yake fitowa, wato ɗalibi bai san yanayin da yake ciki ba. A yanayin umarni kowane harafi aiki ne, a yanayin rubutu kowane harafi rubutu ne, kuma alamar da ke bambanta su ƙaramar kalma ce a ƙasan allo, alhali idon mai rubutu yana kan manuni. Maganin shi ne a kai alamar inda idon yake, a ƙara wannan a .vimrc:

let &t_SI = "\e[6 q"
let &t_SR = "\e[4 q"
let &t_EI = "\e[2 q"

Da waɗannan layuka uku manuni zai zama siririn sanda a yanayin rubutu, ya zama layi a ƙasan harafi a yanayin musanyawa, ya koma murabba'i a yanayin umarni. Yawancin taminal na zamani suna gane wannan, kuma Neovim, wanda aka reshe daga Vim a 2014, yana yin haka da kansa ba tare da saiti ba.

Akwai masu ba da shawarar a kawar da matsalar daga tushe da vim -y, wanda ke buɗe Vim yana karɓar rubutu kai tsaye kamar kowane edita. Ban goyi bayan haka ga mai koyo ba. Wanda ya zo koyon mota mai giyar hannu, idan aka ba shi mai canza giya da kanta zai yi tuƙi a ranar, amma abin da ya kawo shi bai samu ba. Idan buƙatar mutum ita ce kawai ya gyara fayil ya wuce, nano ya ishe shi, kuma babu abin kunya a ciki. Idan kuwa Vim yake so, to a koya masa ɗabi'a guda tun ranar farko: yanayin umarni shi ne gida, ana shiga yanayin rubutu ne don a rubuta abu a fito, kuma duk lokacin da hannu ya tsaya ko hankali ya rikice a danna Esc. Danna shi sau biyu ba ya ɓata komai.

Tunda Esc ya yi nisa a madannan yau, ana iya mayar da Caps Lock ya zama shi, a Linux mai X11 da setxkbmap -option caps:escape, a macOS kuma daga saitin madannai. Wannan yana magance wata matsalar ma, domin Caps Lock da aka kunna da kuskure yana mayar da j zuwa J, sai ɗalibi ya ga layukansa suna haɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata kuma ya san cewa Ctrl-[ daidai yake da Esc a kowace kwamfuta.

Mataki na huɗu: sa kuskure ya yi arha

Mutum ba ya gwada sabon umarni idan yana tsoron zai rasa aikinsa. Abu na farko da za a nuna wa ɗalibi bayan shiga da fita shi ne u mai warware abin da aka yi, da Ctrl-R mai dawo da shi. A sa shi ya goge rabin fayil da gangan ya dawo da shi, ya maimaita har tsoron ya fita. Sannan a kunna tarihin da ba ya ɓacewa idan an rufe fayil, wanda Vim ya samu tun fitowa ta 7.3 a 2010. A taminal a rubuta mkdir -p ~/.vim/undo, a cikin .vimrc kuma:

set undofile
set undodir=~/.vim/undo

Dole a ƙirƙiri wannan babban fayil tukuna, domin Vim ba zai ƙirƙira shi ba, kuma idan babu shi tarihin ba zai adanu ba.

Abu na biyu ya fi shafar wuraren da ake yawan ɗauke wuta ana tsaka da aiki a kan kwamfutar tebur. Vim yana ajiye wani ɓoyayyen fayil na wucin gadi mai ƙarewa da .swp, yana sabunta shi bayan an rubuta haruffa 200 ko an yi daƙiƙa 4 ba a taɓa komai ba. Idan wuta ta dawo aka sake buɗe fayil ɗin, sai allo ya cika da dogon gargaɗi mai lamba E325. Ɗalibin da bai san shi ba yakan tsorata ya danna D, ya share abin da zai cece shi. Wannan darasi ya cancanci a yi shi a aikace: ɗalibi ya buɗe fayil, ya yi rubutu bai adana ba, malami ya kashe Vim ɗin daga wata taga da pkill -9 vim, sannan a sake buɗewa tare. A danna R don dawo da rubutun, a duba shi, idan ana so a kwatanta shi da na asali da :DiffOrig wanda defaults.vim ya tanada, a adana da :w, a fita, sannan a sake buɗewa a danna D don share tsohon fayil ɗin wucin gadin. Wanda ya yi wannan sau ɗaya a gaban malami, ranar da abin ya faru da gaske zai san cewa aikinsa yana nan.

Sauran ramukan ƙanana ne, amma kowannensu ya isa ya sa mutum ya yi fushi ya bari. Hannun da ya saba da Ctrl-S don adanawa zai iya daskarar da taminal, maganinsa Ctrl-Q, kuma ana iya hana faruwarsa da saka stty -ixon a cikin .bashrc. Ctrl-Z ba ya warware komai a nan, yana tura Vim baya ne ya dawo da mutum taminal, sai a rubuta fg a koma ciki, kada a sake buɗe fayil ɗin a karo na biyu. Idan aka ga kalmar recording a ƙasan allo, an danna q da wani harafi ne, a sake danna q ya tsaya. Idan aka juya :q ya zama q: wata ƙaramar taga za ta buɗe da tarihin umarni, a rufe ta da :q. Waɗannan huɗun a rubuta su da Hausa a kati ɗaya a manna kusa da kowace kwamfuta.

Mataki na biyar: haruffa masu ƙugiya

Ɗalibin da zai rubuta saƙonnin manhajarsa ko bayanin kod da Hausa yana buƙatar ɓ, ɗ da ƙ, wanda yake bin ƙa'idar rubutun Nijar kuma har da ƴ. Vim yana da hanyar shigar da irin waɗannan haruffa ba tare da an canza madannai ba, a ƙara wannan a .vimrc:

digraphs b, 595 d, 599 k, 409 y, 436
digraphs B, 385 D, 394 K, 408 Y, 435

Bayan haka, a yanayin rubutu, Ctrl-K sai k sai waƙafi zai ba da ƙ, haka nan sauran. Idan harafin ya fito a matsayin akwati, matsalar ta samfurin rubutun taminal ce, a canza shi zuwa wanda ke ɗauke da haruffan, kamar DejaVu Sans Mono.

Mataki na shida: tsarin koyarwa

Saiti rabin aikin ne kawai. A ranar farko umarni kaɗan sun wadatar: i, Esc, :w, :q, :q!, :wq, u, x da dd. A bar ɗalibi ya yi amfani da kibiyoyi da linzami. Al'adar nan ta toshe kibiyoyi don a tilasta wa mutum h, j, k da l tana kawo wahala a inda ribar ba ta da yawa, domin ƙwararre ma ba ya tafiya harafi bayan harafi. A ƙarshen zaman a sa shi ya rubuta vimtutor a taminal, darasin da ke zuwa tare da Vim wanda ake gamawa a kusan minti 30, a Neovim kuma :Tutor. Ya sake yin sa bayan kwana biyu ko uku, domin karo na biyu ne yake zama a hannu.

Bayan wannan sai motsi: w da b don tsallake kalma, 0 da $ don farko da ƙarshen layi, gg da G don sama da ƙasan fayil, / da n don bincike, da :noh don kashe hasken sakamakon.

Inda ya kamata malami ya fi daɗewa shi ne mataki na gaba, domin a nan ne ɗalibi yake daina haddar umarni ya fara haɗa su da kansa. A nuna masa cewa d, c da y ayyuka ne, wato gogewa, canzawa da kwafa, kuma kowannensu yana jiran a faɗa masa abin da zai yi aiki a kai. Wanda ya san w da $ ya riga ya san dw, d$, cw da y$ ba tare da an koya masa su ɗaya bayan ɗaya ba. A ba shi layi irin wannan:

print("Sannu da zuwa")

A ajiye manuni ko'ina a cikin gaisuwar, a danna ci" sai duk abin da ke tsakanin alamun zancen ya ɓace, Vim ya shiga yanayin rubutu yana jiran sabon saƙo. Sannan a tambaye shi, ba tare da an faɗa masa amsar ba, yadda zai goge duk abin da ke cikin baka biyun. Idan ya gano di( da kansa, ya kama zaren. Daga nan a ƙara masa ɗigo, wato maɓallin . mai maimaita gyaran ƙarshe: a nemo kalma da /, a canza ta da cw, a danna Esc, sannan n da . su yi sauran. Aikin da za a yi wannan gwaji a kai ya zama na gaske, kamar canza sunan wani abu da ya bayyana a wurare da dama a kod ɗin da ɗalibin ya rubuta da kansa, domin a can ne yake ganin lokacin da aka rage masa.

A koya masa kuma neman taimako daga ciki. Rubuta :help dd ko :help 'confirm' yana buɗe bayanin ba tare da intanet ba, Ctrl-] yana bin mahaɗi, Ctrl-O yana dawowa, :q yana rufe tagar. Ga wanda data ke yi wa tsada, wannan littafi ne cikakke da ke zaune a cikin kwamfutarsa, kuma :help user-manual an tsara shi ne don a karanta babi bayan babi.

Game da ƙarin manhajojin da ake liƙa wa Vim, shawarata ita ce a jinkirta su har sai ɗalibi ya kawo ƙorafi takamaimai, sannan a ƙara guda ɗaya da ke magance shi. Vim 8 ya zo da hanyarsa ta loda su daga ~/.vim/pack, don haka ba lallai a fara da wani manajan daban ba. Wanda aikinsa ya dogara da VS Code yana iya kunna maɓallan Vim a can ya ci gaba da aikinsa yana sabawa.

Mataki na bakwai: rabawa, lura da janye tallafi

A ɗakin da ke da kwamfutoci da yawa, a ajiye .vimrc ɗin a /etc/skel domin kowane sabon asusu ya same shi, waɗanda aka riga aka buɗe kuma a kwafa musu da filasha. Wannan ya fi saka saitin a fayil ɗin tsarin gaba ɗaya, saboda idan ɗalibi ba shi da nasa .vimrc, defaults.vim yana loduwa daga baya ya iya rufe abin da malami ya saka. Idan wani saiti ya ƙi aiki, :verbose set mouse? zai nuna ƙimarsa da fayil ɗin da ya saka ta a ƙarshe.

Sannan malami ya zauna a bayan ɗalibi ɗaya na minti goma, ya ba shi ƙaramin aiki, ya yi shiru, ya rubuta duk inda hannunsa ya tsaya. Abin da ya maimaitu ga mutum biyu ko uku shi ne zai shiga kati ko ya zama sabon layi a saitin, abin da bai taɓa tasowa ba kuma a cire shi.

Bayan makonni kaɗan a gwada ɗalibin da vim --clean, wanda ke buɗe Vim ba tare da saitinsa ba, kamar yadda zai same shi a sabar da ya shiga daga nesa ta ssh. A ba shi fayil ya nemo layi, ya gyara, ya warware gyaran, ya sake yi, ya adana, ya fita. Idan ya cije a wani wuri, a duba ko wani layi ne a saitin ya ɓoye masa abin da ya kamata ya sani, a koya masa shi a nan take. Idan ya wuce, a mayar masa da Git kan Vim da git config --global core.editor vim, a kuma buɗe masa .vimrc ɗin ya karanta layi bayan layi, ya goge abin da ba ya so, ya ƙara layin farko na kansa tare da bayaninsa a sama.